Yadda Muka Jinjina Mai Girma

Jiya haruffa biyu suka hana unguwarmu ruwa. Ni na cire su da hannuna. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya zaci haƙuri na zo bayarwa.

Ni ba mai yawan magana ba ne. A gida ma Shiru ake ce mini. Da na gama sakandare na zauna jiran a kira ni wani wuri, ba a kira ni ba, sai na sayi buroshi da gwangwanin fenti. Yanzu ni ke rubuta wa mutane allon shago, da "Ba a fitsari a nan", da "Gidan nan ba na sayarwa ba ne". Abin da aka ce in rubuta shi nake rubutawa. Ra'ayina kuwa nan shafin nake kawo shi, tunda a nan babu mai tsayawa a kaina yana cewa in ƙara ja.

Ga yadda abin yake. A bakin layinmu akwai rijiyar burtsatse. Akwai rami, akwai tanki a sama, akwai kawunan famfo a jere suna ƙyalli. Abu ɗaya ne babu, injin da zai jawo ruwan. Mai Girma Uban Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi, shi ya zo da kansa ya buɗe ramin. Ya yanke zare, muka tafa. Da shekara ta zagayo ya dawo ya buɗe tankin. Ya yanke zare, muka tafa. Kawunan famfon ma ya so ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, sai wata tafiya ta kama shi. Ba ƙorafi nake ba. Mutumin da ke ba ka abu kaɗan-kaɗan haka, ka san tausayinka yake ji, ba ya son ruwa ya shaƙe ka.

To kafin injin ya iso, daga ƙasan gangare muke ɗebo ruwa, ni da Inna. Na hana ta, ta ƙi. Ta ce jarkokina ba sa isar wanki da girki, kuma ita ba ta mutu ba tukuna. Bayanta ya fara lanƙwashewa. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango ta kira sunan Allah, ta ɗan tsaya kamar mai sauraren amsa. Saboda haka ranar da aka ce injin na nan tafe, ban yi murmushi ba, amma na ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Da farko ma na ɗauka ciwo ne.

Wanda ya kawo labarin shi ne Ɗan Jaka, wato mai riƙe wa Mai Girma jaka, mai buɗe masa ƙofar mota, mai fara dariya tun kafin maigidansa ya gama barkwanci. Ya shigo rumfata da farin ƙyalle a hammata.

Ya ce, "Kai ne mai fenti?"

Na dubi hannuwana, na dube shi.

Ya ce, "To buɗe kunnenka. Mai Girma zai zo da injin a bayan mota. Amma ka san manya. In ya ga jinjina ta yi armashi, injin zai sauka. In ya ga ta yi sanyi, injin zai wuce wata unguwa, don unguwanni na nan a layi. Ka gane?"

"Na gane."

"Rubuta. Mu al'ummar wannan layi muna jinjina wa Mai Girma, Gatan Marasa Gata, Katangar Jama'a, Dakta, Dakta..."

"Yallaɓai, ka faɗi Dakta."

"Biyu ne. Wurare biyu suka ba shi. Ci gaba. Injiniyan Alheri, Fitilar Lungu da Saƙo."

Na shimfiɗa ƙyallen a ƙasa. Gajere ne. Na ce, "Yallaɓai, wannan ba zai ɗauke su duka ba." Ya ce shi dai a ofis dogon ƙyalle aka sa hannu a sayo. Na dai lura rigar da ke jikinsa fara ce, sabuwa dal, kuma ita da ƙyallen nan kamar ciki ɗaya suka fito.

Yana fita ya waiwayo ya ce, "Ko laƙabi ɗaya ka taɓa, injin ya wuce. Ka matse su."

Na ɗauki alli na fara gwadawa. Na kori "Mu al'ummar wannan layi", tunda dama ba mu ake son gani ba. Na matse haruffa har suka rame kamar masu jinya. Duk da haka "Saƙo" na lilo a bakin ƙyalle, rabinsa a waje. Wuri kaɗan nake nema, bai fi faɗin tafin hannu ba. Na bi layin ina neman kalmar da ta fi kowa ƙanƙanta, wadda ba ta da wani a sama. Na same ta zaune tsakanin "jinjina" da "Mai Girma", ba ruwanta da kowa. "Wa." Na sa yatsa na goge ta. Kowa ya samu wuri. Na bi da jan fenti: MUNA JINJINA MAI GIRMA, sannan ayarin laƙabai har ƙarshe, Dakta na bin Dakta.

Na bar shi yana shanya, na ɗauki galan na tafi gidan mai neman ɗan fetur ɗin wanke buroshi.

Layin gidan man ba sai na ba ku labarinsa ba, na san wasunku a cikinsa suke karanta wannan. A gabana akwai mai askin layinmu da galan ɗin janaretansa. A bayana akwai Ticha, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, yana jan babur ɗinsa kamar akuyar da ta ƙi kasuwa. Wata mota a gefe ta ƙure rediyo, wani mai zaƙin murya yana cewa, "Muna jinjina wa shugabanni bisa wadatar man fetur da aka samu a ko'ina."

Mai aski ya juyo ya ce, "Ticha, don Allah, wai ita jinjinar nan daga ina ta fito? Kullum sai an yi ta, ban taɓa ganin wanda ya ƙoshi da ita ba."

Ticha ya gyara murya. Tun da ya bar aji yake neman wanda zai yi masa tambaya.

Ya ce, "Jinjina ta hannu ce, ɗana. Ka dunƙule hannu, ka ɗaga sama, ka girgiza, ka nuna wa babba ka san da girmansa. Da tafiya ta yi tafiya mutane suka gaji da ɗaga hannu, suka mayar da ita baki. Yanzu kuma ta koma rediyo, bakin ma an hutar da shi."

Mai aski ya ce, "Haba Ticha, bar allo ka shigo duniya. Jin jiki ne aka gajarta. Duk wanda ka ji yana jinjina, to ya ji jiki. Dube mu nan."

"Wannan ba ilimi ba ne, yunwa ce."

"To ai ita ta fi daɗewa tare da ni."

Ticha ya tsuke baki. Ya ce kalmar tana da 'ya'ya. In aka gaya maka magana mai nauyi, sai ka jinjina kai. In aka kawo maka al'amari babba, sai a ce ka jinjina shi, wato ka auna shi a ranka ka ga ba na wasa ba ne. Mai aski ya ce shi dai kan da ya sani shi ne wanda ake biya a aske.

Sai ga Tirela. Tirela shi ne shugaban 'yan dakon kasuwarmu, ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa sai an kunna fitila. Ranar yana tura motocin da mansu ya ƙare a layin neman mai. Bai daɗe da fara zuwa makarantar manya ta yamma ba, kuma tun da ya iya haɗa baƙi duk abin da ya karanta umarni ne a wurinsa. Kwanaki ya karanta "Tura" a jikin wata ƙofar gilashi, ya tura. Har yau kwali ne a wurin.

Ya goge gumi ya ce, "Ku duk surutu kuke. Jinjina aiki ce, mu muka san ta. Kafin in ɗauki buhu sai na jinjina shi. In ɗan ɗaga, in ji nauyinsa, in sauke. Daga nan zan san ko na kai ne, ko na kafaɗa, ko na in ce ana kirana a gida."

Ticha ya ce, "Wannan jinjina kaya ke nan, ɗan samari. Ta mutum daban. Kaya ka jinjina shi, mutum ka jinjina masa. Ka jinjina buhu, ka jinjina wa babba. Akwai 'wa' a tsakani."

"In babu 'wa' ɗin fa?"

"In babu, ai ka mai da mutum buhu."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba, amma babu wanda ya lura, tunda dama ba na yi. Na yi tunanin ƙyallen da na baro. Fenti ya riga ya kama. Sai na lallashi kaina. Wa ke karanta ƙyalle? Mai Girma laƙabansa zai ƙirga. Mai hoto tsakiya zai ɗauka. Jama'a kuma inuwarsa za su shiga.

Ni a ganina, kuma ba ni da wata hujja sai zaman layi, kalmar ɗaya ce. Wanda ya ɗaga dunƙulen hannu yana girgizawa kamar yana auna mutumin ne a iska, yana cewa na ɗaga ka, na ji ka da nauyi. Wataƙila a da sai an auna ake faɗa. Wataƙila kuma tun can ma ba a aunawa. Ban sani ba, ba na nan.

Muna dab da famfon mai aka ce ya ƙare. Buroshina ya sandare, yanzu sai dai a kashe kunama da shi.

Da na koma gida na tambayi Inna. Tana zaune ta miƙe ƙafa, tana shafa wa bayanta man zafi.

Ta ce, "Kai da karatunka ba ka san wannan ba? Daga jinjiri ne mana. In ya fara kuka sai ka ɗaga shi sama ka jijjiga, ka ce masa zaki, ka ce masa gwarzo, sai ya yi shiru. Kai ma haka na yi maka, har shirun ya yi yawa."

"Inna, manya fa ake yi wa."

"Su ma ai haka suke. Sai dai su in za su yi tumbuɗi, a kan jama'a suke yi. Miƙo mini wancan zanen. Gobe da shi zan fita tarbar injin."

Gobe ta yi, wato jiya. An share bakin rijiya, an jera kujeru, an ɗaura ƙyallena tsakanin tanki da turken lantarki. An kawo 'yan tafi daga wata unguwa, don namu hannayensu sun yi kanta da ɗaukar jarka, tafinsu ba ya ƙara. Motar injin ta riga kowa isowa. Ga shi nan a baya cikin akwatin katako, an ɗaure shi da igiya, an ɗora masa jan ƙyalle kamar ango. Inna ta tsaya kusa da motar tana kallonsa. Ban taɓa ganin ta kalli wani abu haka ba, har ni.

Tirela da yaransa aka kira su sauke shi. Ya je wurin Ɗan Jaka, wanda ke da waya a kowane kunne.

Ya ce, "Yallaɓai, in Mai Girma ya iso, mene ne aikinmu na farko?"

Ɗan Jaka ya nuna ƙyalle da haɓa. "Ba an ce ka iya karatu ba? Ga abin da ake so kowa ya yi can a rubuce. Kada in ga wanda ya tsaya kallo."

Na ga Tirela ya je gaban ƙyallen. Na ga leɓensa na motsi. Na ga ya kai ƙarshe, ya dawo farko, ya sa yatsa tsakanin "jinjina" da "Mai Girma" yana neman abin da Ticha ya ce. Bai samu ba. Ya juyo ya dube ni, ni na rubuta, ni ɗan boko. Da na yi magana. Amma jiniya ta riga ni.

Mai Girma ya fito daga mota a hankali, ciki ya fara fitowa, sauran suka biyo baya. Bayansa mai riƙe da almakashi a kan faranti. 'Yan tafi suka kama aiki. Yana ɗaga hannu yana murmushi sai Tirela ya ratsa masu tsaronsa, waɗanda duk suka ɗaga waya suna ɗaukar hoto, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, aiki ne aka rubuta."

Ya tofa yawu a tafin hannu. Ya rungumo Mai Girma ta ƙugu. Ya ɗaga.

Jama'a, na ga ƙasan takalmin Mai Girma. Ko ƙura babu. Ɗaya ya sulluɓe ya faɗi. Tirela ya ɗan yi sama da shi, ya yi ƙasa, ya sake yin sama, ya karkata kai yana saurare kamar yadda yake yi wa buhu. Mai almakashi ya saki faranti. Ticha ya dafe ƙirji ya ce, "Wayyo, 'wa'!" Inna ta dube ni. Ni kuma na dubi injin ina yi masa ban kwana.

'Yan tafi kuwa an gaya musu duk abin da ya faru su tafa. Suka tafa. Mata suka rangaɗa guɗa. Wani daga baya ya yi ihu, "Sama! Sama!" sauran suka amsa.

Tirela ya dire shi a hankali, ya gyara masa hula, ya juyo ya ba Ɗan Jaka rahoto da ƙarfi. "Yallaɓai, akwai nauyi. Amma duk a tsakiya yake. Sama ba komai."

Mai Girma yana haki, ƙafa ɗaya a safa. Ya ce, "Me ya ce?"

A nan na sara wa Ɗan Jaka. Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa ya yi kana da nauyi a tsakiyar jama'a, kuma a samanka babu kowa."

Mai Girma ya gyara tsayuwa. Fuskarsa ta fara buɗewa. Ya dubi mai hoto ya ce, "Ka ɗauka?"

"Ranka ya daɗe, hannuna ya yi rawa."

"A sake."

Aka sake. Wannan karon Mai Girma ya ɗaga hannu biyu, ya nemi a juya shi ta ɓangaren rana. Yaran Tirela suka ce su ma an rubuta da su, "muna" aka ce, ba "ina" ba. Suka karɓe shi ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙaramin cikinsu ya kasa, aka taya shi da ƙafafu. Mai aski ya raɗa mini cewa shi tun da yake bai taɓa ganin an yi wa kalma adalci haka ba.

Da aka gama aka ba Mai Girma lasifika. Idonsa har da ƙwalla. Ya ce ya yi yawo unguwa-unguwa, ko'ina da baki ake ɗaukaka shi, yau ne kaɗai aka ɗaukaka shi da gaske, har ya hango rufin gidaje. Ya ce wannan layi ya shiga ransa. Inna ta matso kusa da mota, ta kama igiyar akwatin.

Ya ci gaba. Ya ce jama'a masu ƙauna irin wannan ba su cancanci a sallame su rana ɗaya ba. In ya sauke injin yau, da wane dalili zai dawo? Saboda haka yau zai buɗe zuwan injin. Saukarsa kuma sai wani zuwan, da taro wanda ya fi wannan, da masu hoto waɗanda hannunsu ba ya rawa.

Aka tsinto almakashi. Aka ɗaura zare a bayan motar. Ya yanke. Muka tafa. Direba ya ce, "Mama, a saki igiya." Ta saki. Motar ta juya da injinmu, ta bi ayari, jan ƙyallensa na kaɗawa.

Ɗan Jaka ya tsaya a kaina kafin ya shiga mota. Na zaci mari ne. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai yaron nan kana da basira. Daga yau duk ƙyallen Mai Girma kai za ka rubuta. Kuma kada in ƙara ganin 'wa' ɗin nan ko'ina."

Wato da jinjinar ta yi sanyi, injin ya wuce. Da ta yi zafi, injin ya wuce. Ban san a wane ma'auni ake tsayar da ita ruwa ya zo ba. In akwai mai karatu da ya sani, rumfata na bakin layi, kusa da tankin da babu komai a ciki.

Yau da safe muka gangara ɗebo ruwa. Ni da Inna muka cika jarkoki. A hanyar dawowa ta tsaya ta dafa wata katanga tana mai da numfashi.

Ta ce, "Shiru."

"Na'am, Inna."

"Shi ƙaton nan, duk abin da ka rubuta yana yi?"

"Duk."

"Kuma kai za ka rubuta na gaba?"

"Ni ne."

Ta gyara gammo, ta ce in ɗora mata. Da jarkar ta zauna a kanta ta ce, "To ka rubuta masa ya ɗaga Mai Girma. Maganar saukewa kuma ka ce wuri ne bai isa ba, sai ruwa ya zo."

Na jinjina kai. Yanzu buroshi nake nema aro.